Haƙoran Sakinatu

Lauratu ta haifi 'yarta ta fari a gidan mijinta Muntaka kafinta, a Tudun Wadan Zariya, aka sa wa yarinya suna Sakinatu. Ran da aka yaye ta, yayar Muntaka mai suna Ishatu ta zo daga wani ƙauye da take aure, Unguwar Fako, ta goya ta ta tafi da ita. Ishatu ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ita ta raini Muntaka bayan rasuwar uwarsu, saboda haka ba wanda ya tsaya jin ta bakin Lauratu. Ko da an tambaye ta ma ba ta da ta cewa. 'Yar fari ce, uwa ba ta faɗin sunanta, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane. Lauratu ta shige madafa ta hura wuta da ɗanyen itace don a ce hayaƙi ne ya kawo mata ruwa a ido.

Shekara bakwai yarinya na ƙauye. A damunar alif ɗari tara da hamsin da huɗu mijin Ishatu ya rasu. Da ta gama takaba sai ta kwaso kayanta ta dawo gidan ƙaninta, Sakinatu na biye da ita, 'yar shekara tara, doguwa, mai son dariya. Yarinyar ta durƙusa ta gai da Lauratu kamar yadda ake gai da baƙuwa, ta yi murmushi. A nan Lauratu ta ga haƙoran. Ta riga ta yi famfara, sababbin haƙoranta na gaba sun fito manya, amma duk da fararen tabo, kamar an yayyafa musu farar ƙasa ta bushe a kai. Ɗaya har bakinsa ya soma yin ruwan ɗorawa. Lauratu ta amsa gaisuwa ta kau da kai.

Ba a yi sati biyu ba 'yan matan unguwa suka sa mata suna Haƙorin Zabuwa. In ta je ɗiban ruwa sai su yi ta ba ta dariya don ta buɗe baki su gani. Yarinyar da ta zo da dariya ta koma rufe baki da gefen zane. Lauratu na gani, tana kau da kai.

Ishatu ce ta tashi tsaye. Kullum da safe sai ta zaunar da yarinya a bakin rariya ta dirje mata haƙora da gawayi. Da gawayi bai yi ba ta koma toka da gishiri, daga nan lemon tsami da kanwa, har dasashi ya riƙa fid da jini. Tabo na nan inda yake.

Wata Laraba aka yi suna a maƙwabta, mata sun cika tsakar gida. Wata tsohuwa ta jawo Sakinatu ta ɗaga mata leɓe, ta tambaya me ya sami haƙoran yarinya kyakkyawa haka. Ishatu ta gyara zama, ta ce da murya yadda kowa zai ji, "Ai nono ne, Inna. Uwar ta yi kwanika, ta sami ciki tana goyo, ta ci gaba da ba ta gurɓataccen nono. Ni da aka ba ni ita haka na karɓe ta, jini duk ya ɓaci."

Lauratu na zaune tana rabon tuwo, mara a hannunta. Duk matan suka juyo suna kallonta. Ƙarya ce, kuma Ishatu ta san ƙarya ce, domin sai da Sakinatu ta shekara uku da rabi kafin a haifi ƙanwarta. Amma mace ba ta tsayawa a taron suna ta ƙaryata yayar mijinta, balle a kan 'yar fari. Lauratu ta ci gaba da kwasar tuwo har ta gama. Daga ranar, in ta shiga cikin mata sai ta ga ana zunɗe. Ta gaya wa Muntaka, ya ce, "Ki yi haƙuri, kin san halin Yaya. Magana ce kawai." Ya ɗauki zartonsa ya fita.

A lokacin akwai wani mutum da ake kira Nagoda, wanda ya kafa tebur a gindin maɗaci kusa da tashar mota. Yana sa farar riga doguwa irin ta ma'aikatan asibiti, yana cewa ya yi aiki da Baturen likitan haƙori a Ikko. Yana cire haƙori, yana sa na gwal, kuma ya ce yana da wani ruwa daga Ingila da ke wanke kowane irin tabo a zama ɗaya. Labari ya kai kunnen Ishatu.

Ran Asabar da hantsi, Lauratu na daka, ta ga Ishatu ta yafa mayafi ta kama hannun yarinya sun fita. Ta zaci gaisuwa za su. Kafin azahar suka dawo. Tun daga zaure ta ji wani irin nishi, ba kuka sosai ba, irin na wanda ya gaji da kuka. Sakinatu ta shigo ta dafe baki da hannu biyu, yawu na zuba ta tsakanin yatsunta. Ishatu na bayanta tana cewa, "Yi shiru mana, ya ce zuwa jibi zai daina. Kyau ai sai da wahala kaɗan."

Yarinya ta nufi randa ta ɗebi ruwa a moɗa. Ruwan na taɓa haƙoranta ta saki moɗar ta faɗi ƙasa tana birgima.

Lauratu ba ta san sa'ad da ta yar da taɓarya ba. Ta durƙusa ta janye hannuwan yarinyar. Dasashin sama ya yi fari fat kamar naman da aka zuba wa tafasasshen ruwa, leɓe ya kumbura. Haƙoran gaba guda biyu sun rasa sheƙinsu, sun yi kaushi, an kankare gefensu da magagari. Tabon kuwa yana nan.

"Sakinatu," in ji ta. "Sakinatu, dube ni. Wa ya yi miki haka?"

Ishatu ta riƙe haɓa. "Yau kuma sunan 'yar fari ake kira gatsau a gidan nan? Ina kunya ta tafi?"

Lauratu ba ta ko dube ta ba. Ta ciccibi yarinyar, duk da tsawonta, ta saɓa a kafaɗa ta fita da rana tsaka, ko mayafi babu, sai ɗankwali.

Gida na huɗu daga nasu shi ne na Malama Edith, wata dattijuwa Kirista, ungozomar asibiti, wadda ta karɓi haihuwar ƙanwar Sakinatu. Ta dawo daga aiki ke nan tana cire takalmi. Da ta ga bakin yarinyar ba ta yi tambaya ba tukuna. Ta haɗa ruwa mai ɗumi da 'yar kanwa kaɗan, ta sa ta kurkure ta zubar, ta kurkure ta zubar, har sau goma. Sannan ta shafa mata man kanumfari da auduga. A hankali nishin ya ragu.

"Me aka sa mata?" in ji Malama Edith.

Sakinatu ta yi magana da ƙyar. Ta ce mutumin ya tsoma auduga a wata baƙar kwalba ya danna mata a haƙora, Gwaggo ta riƙe mata kai, shi kuma ya yi ta gogawa da ƙarfe.

Malama Edith ta ja tsaki ta ajiye audugar. "Ya cinye mata ɓawon haƙori. Wannan mai sheƙin da ke sama shi ke tsare haƙori daga sanyi da zafi, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Tabon nan ba datti ba ne da za a goge, Lauratu, a cikin jikin haƙorin yake. Da shi ya fito."

Lauratu ta sunkuyar da kai. Maganar da ta fi wata guda tana cin ta ta fito da kanta. "Malama, an ce nonona ne."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"To wanda ya ce bai sani ba. Nono ba ya yin wannan. Abin da na sani yana kawo shi uku ne. Ko yaro ya yi zazzaɓi mai tsanani lokacin da haƙoran ke ginuwa a cikin dasashi. Ko yawan alewa da rake ba a yin asuwaki, shi kuwa a gindin haƙori yake farawa, ba irin wannan ba ne. Ko kuma ruwa. Akwai rijiyoyin da ruwansu ke da wani irin gishiri, ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa. Babba ya sha ba abin da zai nuna, amma yaron da ya tashi a kansa haka haƙoransa ke fitowa." Ta juya ga yarinyar. "Ke, a ina kuke shan ruwa a ƙauye?"

"Rijiyar gindin dutse."

"Sauran yaran garin fa, yaya haƙoransu suke?"

Sakinatu ta dube ta kamar an yi mata tambayar wauta. "Ai duk haka namu suke. Na su Lami ma ya fi nawa, nasu har ya yi ja. Sai da na zo nan na ga na wasu ba haka ba ne."

Lauratu ta ɗago kai a hankali. "Duk yaran garin?"

"Duka."

"Gwaggonki tana ganinsu?"

"Ita ke mana kitso."

Lauratu ta miƙe. Ta roƙi Malama Edith ta riƙe mata yarinyar, ta ari mayafi, ta fita. Ba gida ta nufa ba.

Tun da aka kawo ta Tudun Wada ba ta taɓa taka tashar mota da ƙafarta ba, amma ba ta sha wuyar gane teburin ba. Nagoda na zaune yana jera ƙarafansa a kan wani tsumma, baƙar kwalba na gefe. Ya ga mace ta tsaya a kansa, ya yi fara'a. "Sannu da zuwa, uwar gida. Cirewa ko wankewa?"

Lauratu ta ɗauki kwalbar. Ta ɗauki auduga ta tsoma, ta miƙa masa. "Buɗe bakinka."

"Me ke nan?"

"Naka ma sun yi ja da goro. Buɗe in wanke maka, yadda ka wanke wa 'yata ɗazu."

Ya ja da baya har kujerarsa ta yi ƙara. "Baiwar Allah, ajiye wannan, ba abin wasa ba ne. Yana ƙuna."

"Yana ƙuna," in ji ta, ta ɗaga murya. "Ka san yana ƙuna ka danna shi a bakin 'yar shekara tara. Jama'a ku zo ku ji. Ya ce maganin Ingila ne, amma ba zai sa a bakinsa ba."

Mutane suka fara taruwa, masu dako da fasinjoji da mata masu sayar da fura. Nagoda ya ce ai ba shi ya kira su ba, su suka kawo kansu, kuma ya gaya wa matar da ta kawo yarinyar cewa akwai ɗan zafi. Wani direba da ake kira Kailani ya matso ya karɓi kwalbar daga hannun Lauratu, ya shinshina, ya ɗiga kaɗan a kan tokar mai shayi. Tokar ta yi kumfa tana ƙara. Ya dubi Nagoda. "Wannan ai ruwan batir ne. Shi ne kake zuwa kana roƙa a wurinmu kana cewa za ka wanke ƙarafa?"

Wurin ya kaure da hayaniya. Wani ya kifar da teburin, wasu suka riƙe Nagoda suka ce sai gaban mai unguwa. Lauratu ba ta tsaya ganin ƙarshe ba. Ta zaci in ta tona masa asiri zuciyarta za ta yi sanyi, sai ta ga ko kaɗan ba ta rage ba. Nagoda baƙo ne, bai san ta ba, bai san 'yarta ba. Waɗanda suka san su suna gida.

Ta biya ta ɗauko Sakinatu. Da suka shiga, Muntaka na tsaye a tsakar gida, garin katako a hularsa. Labari ya riga ya kai masa a rumfar aikinsa. Ishatu na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta.

"Da izinin wa kika fita?" in ji shi. "Matata a tasha, tana ihu a cikin maza?"

"Da izinin wa aka kai ta wurin mutumin nan, Malam?"

Ya dubi wajen Ishatu.

"Na tambaye ka."

"Yaya ta gaya mini da safe," ya ce. "Na ce to. Ban san haka abin yake ba."

"Ba ka sani ba, kuma ba ka tambaya ba. Da kujera ce aka ce za a kankare maka, da ka je ka duba da wane ƙarfe za a yi." Ta jawo yarinyar gabansa ta ɗaga mata leɓe a hankali. "Duba. Malama Edith ta ce ba zai dawo ba har ta tsufa."

Muntaka ya duba, ya kau da fuska, ya nemi turmi ya zauna.

Lauratu ta juya ga Ishatu. Muryarta ta sauka, amma kowace kalma na fita daram. "Yaya, yaran Unguwar Fako nawa kika yi wa kitso?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Duk iyayensu kwanika suka yi? Su Lami, da sauran, duka nonon uwarsu ne ya gurɓace? Ruwan rijiyarku ne. Ba laifinki ba ne, ba ke kika haƙa ta ba, da kin faɗi haka ba wanda zai ce miki komai. Amma kin san duk yaran garin haka suke. Kin sani, kika tashi a cikin mata kika ɗora mini. Wata guda ina tafiya ana nuna ni da baki. Na yi shiru don ke babba ce. Shirun da na yi ne ya kai yarinyar nan teburin mutumin nan, kika riƙe mata kai da hannunki tana kuka."

Ishatu ta dubi ƙaninta, ya ƙi dubanta. Can ta ce, "A can ba wanda ya taɓa cewa aibu ne. Sai da muka zo nan na ga ana yi mata dariya. Na ce yanzu za a ce a hannuna ta lalace, a ce wadda ba ta haihu ba ba ta iya riƙo ba, a karɓe ta. Ita kaɗai gare ni, Lauratu. Miji ya tafi, ɗaki ya tafi."

Ta fara hawaye. Lauratu ta tsaya tana kallonta, ta nemi tausayi a zuciyarta ba ta samu ba.

"Don kada a ce ke ce, sai kika ce ni ce," in ji ta. "To gidan da kika faɗi maganar, nan za ki koma ki warware. A gaban tsohuwar da ta tambaye ki. In ba haka ba, Malam, yau zan kwana a gidan ubana, kuma duk wanda ya zo biko zan gaya masa dalili tun daga farko."

Muntaka bai taɓa yi wa yayarsa musu ba tun yana yaro. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Yaya, ki je."

Sakinatu, wadda ke tsaye tana jin duk wannan, ta zame hannunta daga na Lauratu. Ta tafi ta zauna a jikin Ishatu, ta kwantar da kai a cinyarta, ta ce da kumburarren baki, "Gwaggo, daina kuka." Wannan ya fi komai yi wa Lauratu ciwo a ranar. Ta shige ɗaki ta saki labule.

Ishatu ta je bayan kwana biyu. Ba ta ce ta yi ƙarya ba, cewa ta yi ashe an gano ruwa ne, ba nono ba. Lauratu ta so fiye da haka, amma ta karɓa. Mai unguwa ya kori Nagoda daga tashar, aka ce an gan shi daga baya a wani gari da teburinsa.

Da kaka ta zagayo Muntaka ya ɗauki yarinyar a jirgin ƙasa zuwa Kaduna, da takarda daga Malama Edith, wurin likitan haƙori na gaske. Likitan ya ce da an bar tabon da ba abin da zai yi mata, haƙoran ma ƙwarara ne. Yanzu kuwa sai ta girma za a iya yi wa biyun gaba rufi, kafin nan a kiyaye ta da sanyi da tsami. Ba a taɓa komawa an yi rufin ba. Da Sakinatu ta zama budurwa ta riƙa cin furen taba da goro kamar sauran 'yan mata, haƙoranta suka rine ja, ba mai iya gane tabo, ta koma dariyarta.

Sanyin ne bai bar ta ba. Ba ta iya shan ruwan randa, sai an ajiye mata nata a rana ya yi ɗumi, ba ta shan tsamiya, ba ta cin mangwaron da bai nuna ba. Lauratu da Ishatu suka zauna a gida ɗaya shekara shida suna gaisawa safe da yamma, suna karɓar wa juna girki in ɗaya ba ta da lafiya. Mutane suka ce sun shirya. Amma duk ran da yarinyar ta manta ta kurɓi ruwa mai sanyi ta dafe baki, Lauratu kan ajiye abin da take yi, ta dubi ƙofar ɗakin Ishatu, kuma ranar ba mai jin muryarta sai in ya zama dole.